Ni ba likita ba ce: zan iya shiga aikin binciken lafiya da tsara ƙa'idojin asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na gama digiri da bautar ƙasa, yanzu ina aiki a ɗakin haihuwa. Lokaci zuwa lokaci sai a kawo mana sabuwar ƙa'idar aiki, a ce daga Hukumar Lafiya ta Duniya take. Su wa ke zama su tsara waɗannan ƙa'idoji? Ina sha'awar aikin ƙwarai, amma an ce mini sai likitoci. Gaskiya ne? In ba haka ba, ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Wanda ya ce miki sai likitoci bai faɗa miki daidai ba. Akwai likitoci a aikin, amma akwai ma'aikatan jinya da ungozoma, da masu harhaɗa magunguna, da masana ƙididdiga, da masana tattalin arziki, har da ma'aikatan laburare waɗanda gwanintarsu ita ce zaƙulo bincike duk inda ya maƙale. Abin da ake nema a wurinki shi ne ki iya karanta bincike ki bambance mai ƙarfi da mai rauni, kuma ki zama mai haƙuri, domin aikin ba ya son gaggawa.

Abin da kike tambaya a kai ya kasu gida biyu. Na farko shi ne binciken yadda ake gudanar da aikin lafiya: me ya sa magani yana nan amma bai isa ga majiyyaci a kan kari ba, wane tsari ne ya fi rage mace-mace, nawa zai ci. Tunda a ɗakin haihuwa kike, ga misali daga ɗakinku. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin jagororinsa. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai haihuwa, jinin ya taru a cikinta a ga adadinsa ƙarara, maimakon a riƙa ƙiyasi da ido a jikin zani. Da zarar jini ya kai mililita 500, sai a yi komai tare a lokaci guda: a murza mahaifa, a ba da allurar tsuke mahaifa, a ba da ta tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin yake fitowa. Ba a jiran wannan ya gaza kafin a gwada wancan. Inda aka bi wannan tsari, kashi 1.6 cikin 100 na matan ne suka yi mummunar zubar jini, ko aka yi musu tiyata, ko suka rasu saboda jinin. Inda aka ci gaba da aiki yadda aka saba, kashi 4.3 ne. Kuma hannun ungozomomi ne ya yi aikin.

Na biyu shi ne bitar hujjoji. Mai wannan aiki ba ya taɓa majiyyaci. Yana ɗaukar tambaya ɗaya tak, ya tsara ta tsaf: su wane ne majiyyatan, me za a yi musu, da me za a kwatanta shi, wane sakamako ake dubawa. Sai ya rubuta tsarin da zai bi tun kafin ya fara, ya yi masa rajista a wani rumbu mai suna PROSPERO, don kada daga baya ya karkata aikin zuwa amsar da ransa yake so. Daga nan sai a bi rumbunan bincike irin su PubMed a kwaso duk abin da aka taɓa wallafawa a kan batun. A ce an samo taƙaitattun bayanai 3,000. Mutum biyu ne za su karanta su ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, sannan su haɗu su daidaita inda suka saɓa. Kamar tsintar tsakuwa ne a farantin shinkafa, sai dai a nan tsakuwar ta fi shinkafar yawa: a ƙarshe mai yiwuwa goma ko ƙasa da haka ne za su tsira. Waɗannan ake bi da tambayoyi. Da ƙuri'a aka raba majiyyatan, ko likita ne ya zaɓi waɗanda yake so? Mutum nawa suka ɓace kafin a gama? An ɓoye wani sakamako da bai yi daɗi ba? Bita guda mai kyau takan ci shekara, wani lokaci fiye.

Idan an haɗa sakamakon, sai a auna ƙarfin hujjar da wani ma'auni mai suna GRADE, mai matakai huɗu: mai ƙarfi, matsakaiciya, mai rauni, mai rauni ƙwarai. Wannan ake miƙa wa kwamitin tsara ƙa'ida, inda kowane mamba sai ya bayyana ko yana da alaƙar kuɗi da kamfanin magani. Su kuma su duba amfani da illa da tsada, da ko mutane za su karɓa, da ko ma zai yiwu a aiwatar. A Ingila akwai hukumar NICE da aka kafa a 1999, wadda take da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan. Ƙungiyar Cochrane kuwa, da aka kafa a 1993, ita ce ta fi shahara da irin wannan bita, kuma tana da cibiya a Kalaba.

Kada ki ɗauka aikin Turawa ne kawai. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, akwai hannun 'yan Nijeriya a hujjarsa. A 2012 wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Martin Meremikwu na Kalaba ta haɗa gwaje-gwaje 7 da aka yi a Afirka ta Yamma da yara 12,589, ta nuna maganin yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa da zazzaɓin. A watan Maris na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bayar da shi a yankin Sahel ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, kuma a 2013 aka fara a Jihar Katsina.

Akwai dalilin da ya sa nake son irinku su shigo. Kin san allurar da ake yi wa mai naƙudar bakwaini don ta ƙarfafa huhun jariri. Tun daga 1972 gwaje-gwaje a ƙasashe masu arziki suka nuna tana ceton jarirai. Amma da aka faɗaɗa amfani da ita a ƙasashe shida masu ƙaramin ƙarfi, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi, kuma mata da yawa da aka yi wa allurar ashe ba bakwaini suka haifa ba, domin babu hanyar tantance watannin ciki daidai. Sai a 2020 wani gwajin, wanda Nijeriya take ciki, ya nuna tana aiki a asibitocin da suke da na'urar hoton ciki da kayan kula da bakwaini. Shi ya sa ƙa'idar take ɗauke da sharuɗɗa. Wadda ta kwana a ɗakin haihuwa ta san matan da ke zuwa ba su taɓa yin awo ba, ta san firjin da ke kwana babu wuta. Idan babu mai wannan sani a zaman, sai a rubuta ƙa'idar da ta yi kyau a takarda ta cutar a asibiti.

To, ta ina za ki fara? Ki ƙarfafa ƙididdiga da ilimin yaɗuwar cututtuka, domin su ne ƙashin bayan aikin. Digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, irin wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, shi ne hanyar da aka fi bi. Amma kada ki zauna jiran gurbin karatu. PubMed kyauta ne. Cochrane tana da shafi mai suna Cochrane Crowd inda kowa zai iya yin rajista, a horar da shi, ya fara taya tace bincike ba tare da biyan ko sisi ba. Ki tambayi laburaren asibitin koyarwa mafi kusa ko suna da damar shiga Research4Life, wanda ke buɗe wa ƙasashe irin namu mujallu masu tsada. Ki ƙware a Excel, sannan ki koyi manhajar ƙididdiga mai suna R, wadda kyauta ce. In kuma kin ji ana wani bincike a asibitinku, ki nemi a sa ki cikin masu tattara bayanai. Da yawa ta wannan ƙofa suka shiga, kuma a nan ake samun malamin da zai riƙe hannun mutum. Duk binciken da zai taɓa bayanan majiyyata, ko da rajistar ɗakinku ce, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike.

Ki kiyayi mujallun da ke karɓar kuɗi su buga miki takarda cikin mako guda. Masu ɗaukar aiki sun san su, kuma sunanki suke ɓatawa.

Wuraren aiki su ne jami'o'i da asibitocin koyarwa, da cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba a Legas, da sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga na ma'aikatun lafiya, da ƙungiyoyin agaji. A Nijar akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai da ta Epicentre a Maradi. Sai dai yawancin guraben na kwantiragi ne, suna ƙarewa idan kuɗin tallafin ya ƙare. Saboda haka shawarata ita ce kada ki ajiye aikinki yanzu. Ki ci gaba da sabunta lasisinki, ki nemi hutun ƙaro ilimi idan gurbin karatu ya samu, ki fara da tambaya ɗaya ƙarama daga ɗakin da kike aiki.