Filin Tambayoyin Masu Sana'a: Faifan Tsaga Katako Daban, Na Yanka Melamin Daban

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni kafinta ne a Sheka, Kano, shekarata uku da samun 'yanci daga wajen maigidana. Ina da injin tebur mai ɗaukar faifan zarto inci 10. Da shi nake tsaga katakon da nake sayowa a Na'ibawa, da shi kuma nake yanka allon melamin na wadrob da kabet ɗin kicin. In ina tsaga madaci sai hayaƙi ya tashi, gefen ya yi baƙi, injin yana nishi. In kuma melamin ne, sai bakinsa ya ɓantare kamar ɓera ya gaigaya. Faifan nawa mai haƙora 40 ne. Wanne zan saya da zai yi min duka biyun?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Faifan da kake nema babu shi a kasuwa. Mai haƙora 40 ɗin nan da ke hannunka shi ne wanda aka ƙera don ya taɓa kowane aiki, shi ya sa bai ƙware a ko ɗaya ba. Faifai biyu za ka saya.

Mu fara da tsagawa. In kana bin tsawon katako, zarton ba gari yake fitarwa ba, dogayen zare yake yankowa, kuma dole su sami wurin zama kafin faifan ya watso su waje. Wurin zaman nan shi ne gibin da ke tsakanin haƙori da haƙori. Haƙora sun yi yawa, gibi ya ƙanƙance, dusa ta cushe, sai faifan ya daina yanka ya koma gugar katako. Daga nan zafi, daga zafi hayaƙin da kake gani. Don haka a inci 10 ka nemi mai haƙora 24, mai faffaɗan gibi, wanda kan haƙoransa a miƙe yake kamar bakin kurfi. A jikin kwalin za ka ga an rubuta FTG. Haƙoran irin wannan faifai sun sunkuyo gaba da kusan digiri 20, suna cafko katakon da kansu, ba sai ka yi ta kokawar turawa ba. Ranar da ka ɗaura shi, sautin injinka ma zai canza. Kuma tunda wutarmu ba kullum take zuwa da ƙarfi ba, wani lokacin janareta ne, ka duba siririn faifai mai cin wajen milimita 2.4 maimakon 3.2. Katakon da yake ci kaɗan ne, injin ba zai wahala ba. Sai dai ka tabbata wuƙar ƙarfen da ke bayan faifan, mai hana katako matse shi, ba ta fi hanyar yankan kauri ba.

Melamin kuwa wata duniya ce. Kada ma a haɗa shi da katakon malaina, suna ne kawai ya yi kama. Allo ne na ɓarɓashin katako ko MDF, wato na garin katako, da aka matse da gam, aka lulluɓe shi da siririyar fata mai tauri da gautsi kamar tangaran. Babban haƙori mai cafka in ya daki fatar nan, ɓalle ta yake yi. Abin da take so shi ne ƙananan haƙora masu yawa, kowanne ya ɗan gutsira kaɗan: haƙora 80 a inci 10, ko 96 a faifai mai milimita 300. Kuma a tsaye haƙoran za su kasance, ko ma su ɗan jingina baya da kamar digiri 5, don su kankare fatar a hankali.

Iri biyu ne za ka tarar. Akwai Hi-ATB, mai haƙora masu tsini kamar wuƙa, ɗaya ya karkata dama ɗaya hagu. Babu wanda ya kai shi fitar da baki mai tsafta, amma tsinin nan saurin dakushewa gare shi, don gam ɗin da ke cikin allon cin ƙarfe yake yi. Akwai kuma TCG, inda haƙori mai sassaƙaƙƙun kusurwa ke wucewa, mai miƙaƙƙen kai ya biyo ya share. Tsaftar yankansa ba ta kai ta Hi-ATB ba, amma ya fi juriya nesa ba kusa ba. Ni dai ga mai yanka allo kullum irinka, TCG nake ba shawara.

Na san zafin abin da kake faɗa. Shekarun baya na karɓi aikin wadrob na wata amarya, farin melamin mai kaurin milimita 18, biki saura kwana tara. Na yanka allo uku da faifan da na gama tsaga katako da shi. Da na juya su, ƙasan kowanne ya yi zago-zago, fari ya ɓalle, ruwan ƙasa ya leƙo, tef ɗin gefe ba zai rufe ba. Daga aljihuna na sayi wasu allunan, don ba zan kai wa 'yar mutane wannan ɗakinta ba. Tun ranar na rataye ƙusa biyu a bango, kowane faifai da tasa.

Ka lura da inda ɓantarewar take: ta ƙasa, wajen da haƙori ke fita. Manyan injunan yanka allo suna da ƙaramin faifai a gaba, mai juyawa saɓanin babban, wanda ke tsaga fatar ƙasa tun kafin babban ya iso. Kai ma za ka iya kwaikwayon haka. Ka sauke faifanka ya leƙo da milimita 1 zuwa 2 kawai, ka wuce da allon, sannan ka ɗaga shi ka sake wucewa ba tare da ka taɓa shingen awon da allon ke bi ba. Ka kuma rufe gibin da ke kewaye da faifan da ɗan guntun filawud, ya zama hanyar faifan ce kaɗai a buɗe, don fatar ta sami abin dogarawa.

In za ka shiga Sabon Gari sayayya, tafi da tsohon faifanka. Ramin tsakiya ba ɗaya ba ne, akwai milimita 30, akwai 25.4, akwai 20 da 16. Ka duba iyakar gudun da aka rubuta a jikin faifan, kada injinka ya wuce shi. Ka ɗaga shi a haske ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, don jabu ya yi yawa, har da masu ɗauke da sunan Bosch, Makita da Freud. Haƙorin da ba a like da kyau ba in ya tsinke, harsashi ne. Kafin ka canza faifai ka zare wuta daga soket, ka naɗe hannun rigarka, ka tura katako da sanda, kuma kada ka tsaya daidai saitin faifan. Ƙurar MDF ba ta barin ƙirji lafiya, ka sa takunkumi.

TAMBAYA: Baba, ni zarton hannu mai lantarki gare ni, inci 7¼. Faifaina wata biyu kacal ya daina ci. Jefarwa zan yi? Daga wani ɗanka a Rijiyar Lemo.

AMSA: Kada ka jefar tukuna, ɗana. Sau da yawa ba dakushewa ba ce, ƙaro ne da gam suka daskare a jikin haƙoran, musamman in kana yanka ɗanyen katako. Jiƙa shi a ruwan ɗumi da garin sabulu na minti 15, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka tsane shi sosai don kada ya yi tsatsa. In bai dawo ba, kai wa mai wasawa da dutsen daimon, don dutsen wasa wuƙa ba ya cin irin wannan haƙori. A injinka mai haƙora 24 na tsagawa ne, mai 60 na melamin. Kuma ka kifa allon, kyakkyawar fuskar ta kalli ƙasa, domin zarton hannu ta sama yake ɓantarewa.