Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Kafin ka zana kufai, ka san abin da ya tashi garin

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan ƙera wasan bidiyo, musamman irin wanda labarinsa ke faruwa bayan wata babbar masifa ta shafe yawancin mutanen duniya.

Tambaya daga wani makaranci a Zariya: Malam, laftof ɗina tana da RAM na gigabait 4, kuma ba ta da katin zane na daban. Na sauke manhajar ƙera wasa ta Unreal Engine 5 domin in fara wasana, amma da zarar na buɗe sai kwamfutar ta sandare. Mene ne mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kayan raƙumi ka ɗora wa jaki, don haka kada ka ga laifinsa idan ya durƙushe. Ka cire wannan manhaja ka sauke Godot, wata manhajar ƙera wasa wadda kyauta ce kuma fayil guda ne da ba ya buƙatar a girka shi. Idan za ka buɗe sabon aiki ka zaɓi tsarin zane mai suna Compatibility, domin shi aka yi wa kwamfutoci masu ƙaramin ƙarfi. Harshen da ake rubuta mata umarni da shi, GDScript, ya yi kama da harshen Python, in ka taɓa koyon wancan ba za ka sha wuya ba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kano: Ni da abokaina uku muna haɗa wasa na ƙagaggen labarin kimiyya. Shekara 300 bayan halakar duniya, jaruminmu yana yawo da mota cikin hamada tsakanin rusassun dogayen benaye yana harbin 'yan fashi. Mun gama ƙera motar da bindigogi a Blender, manhajar ƙera siffofi. Ba mu tsayar da abin da ya halaka duniyar ba, mun bar shi a matsayin sirri. Wane launi da wane haske za mu sa domin wasan ya yi kama da na manyan kamfanoni?

Amsa: Ƙanena, na sha samun irin wannan wasiƙa, kuma duk lokacin da na karanta ta sai raina ya ɓaci, saboda ina ganin matasa masu basira suna fara gini daga rufi. Kuna iya ɓoye wa mai wasa abin da ya faru har zuwa ƙarshen labari, wannan dabara ce mai kyau, amma ku da kuke ƙera duniyar ba ku da izinin jahiltar sa, domin daga wannan amsa guda ɗaya ne za ku san launin sama, da abin da mutane ke ci, da inda suke kwana, da abin da suke tsoro.

Ku duba tarihin gaske, za ku ga kowace masifa da irin duniyar da take bari. Kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, ƙura da toka suka tare hasken rana, tsirrai suka mutu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ƙare. Wanda ya zaɓi irin wannan masifa, duniyarsa ta farko duhu ce da sanyi da yunwa, ba rana mai ƙuna ba. A watan Afrilun 1815 dutsen Tambora na ƙasar Indonesiya ya yi aman wuta, sai ga shi a shekarar 1816 ƙanƙara ta sauka cikin watan Yuni a arewa maso gabashin Amurka, amfanin gona ya lalace a Turai, ba tare da gini ko ɗaya ya rushe a can ba. Masu wasan Frostpunk, wanda kamfanin 11 bit studios na ƙasar Polan ya fitar a 2018, sun riƙe sanyi shi kaɗai, suka sa garin gaba ɗaya ya kewaye wani katafaren injin ɗumama, har ya zama kowace shawara da mai wasa zai yanke tana komawa ga gawayi da ɗumi. Abu ɗaya suka zaɓa, suka bi shi har inda ya kai su.

Sai batun nukiliya, wanda na san shi ne a zuciyarku ko da ba ku faɗa ba. Tashar lantarkin nukiliya ta Chanobil a ƙasar Yukren ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986, aka kwashe mutanen garin Piripyat kusan 50,000, aka killace yankin da ya kai kilomita 30 daga tashar. Ku nemi hotunan garin a yau ku gani da idonku: kurmi ne, itatuwa sun fasa kwalta sun shiga tsakanin benaye, kyarkeci da dawakan daji suna yawo a yankin. Kamfanin GSC Game World na birnin Kiyef ya gina wasan S.T.A.L.K.E.R. na 2007 a kan wannan wuri, kuma abin da ke tayar da tsikar jiki a cikinsa shi ne ciyawa da shiru da ɗakunan da aka bari da kayansu. To ku kuma daga ina hamadarku ta fito? Idan ruwan sama ne ya ɗauke, ku faɗi abin da ya ɗauke shi, sannan ku yarda da duk abin da zai biyo baya.

Lissafin shekarunku ma bai tsaya ba. Man fetur yakan fara lalacewa cikin watanni idan aka ajiye shi, taya takan tsattsage, batir yakan mutu, don haka motar da kuka ɓata makonni kuna gogewa ba za ta tashi ba bayan shekara 300, sai dai idan akwai wani gari a taswirarku da ke tace mai, kuma in akwai shi, to wannan gari shi ne mai mulkin duniyarku kuma labarinku a ƙofarsa yake. Sinadarin siziyom-137, ɗaya daga cikin gubar da fashewar nukiliya ke bari, rabinsa ke raguwa duk shekara 30, ke nan wurin da ke kashe mutum a zamanin kakan jaruminku yana iya zama gona a zamaninsa. Ba sai kun je Turai ba kafin ku koyi yadda gini ke tsufa. Ku je kangon da ke bayan unguwarku ku zauna awa guda da biro da takarda, ku lura da yadda katangar ƙasa ke zaizayewa idan ta yi damina biyu ba yaɓe, da yadda gara ke cinye azara, da yadda kwano ke tsatsa daga wurin ƙusa, da kuma yadda maƙwabta suka riga suka cire ƙofa da taga. Wannan na ƙarshe shi ne masu koyo suka fi mantawa, wato waɗanda suka tsira ba sa barin ƙarfe mai amfani yana kwance shekara ɗaruruwa, maƙera za su narkar da shi su yi fartanya.

Daga nan sai tambayar da nake yi wa kowa: me mutanenku suke sha? Inda rijiya take nan gari yake, tsakanin rijiya da rijiya nan hanya take, kuma a kan hanya 'yan fashinku za su yi kwanto, ba a tsakiyar fili inda babu mai wucewa ba. Da kun sa rijiyoyi a takarda kun gama rabin taswira. Sannan da me suke ciniki? Wasan Fallout na 1997 ya mayar da murafun kwalba kuɗi, kuma wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda kakanninmu da wuri suka yi saye da sayarwa. Ku zaɓi naku, ko gishiri ne, ko irin shuka, ko magani, muddin abu ne mai wuyar samu da mai wuyar jabu.

Abin da nake so ku yi shi ne ku rufe Blender na mako biyu, ku sayi littafin rubutu, ku cika shafi ɗaya da abin da ya faru da shekarar da ya faru, shafi ɗaya da ruwa da abinci da makamashi, shafi ɗaya da ƙungiyoyi uku da abin da kowace ke nema a hannun 'yar'uwarta. Bayan haka ku gina unguwa guda ɗaya tak da akwatuna marasa launi a cikin injin wasan, ku ba wani wanda ba ya cikinku ya buga kuna kallo ba ku ce masa komai ba. Ku huɗu ne, ba za ku iya cika nahiya ba, amma za ku iya cika unguwa. Launin da kuka tambaya kuwa, shafin farko na littafin nan ne zai gaya muku shi.

Tambaya daga wata malama a Maraɗi: Wasana yana tafiya lafiya a kwamfuta, amma a waya sai ya riƙa tsinkewa kuma wayar ta ɗauki zafi.

Amsa: Malama, kusan kullum hotunan da aka lulluɓe abubuwa da su ne masu laifi. Hoto mai 4096 sau 4096 da ba a matse ba yana cin megabait 64, alhali mai 1024 sau 1024 megabait 4 kawai yake ci, kuma a fuskar waya ba mai bambance su. Ki rage su, ki kashe inuwar fitilu masu motsi, ki tsayar da wasan a kan hoto 30 cikin daƙiƙa, sannan ki sa hazo ya rufe nesa domin injin ya daina zana abin da ba a gani. Duniyar da masifa ta afka wa ba za a yi mamakin ƙura a cikinta ba.

Tambaya daga wani makaranci a Kumasi: Filashin da na ajiye aikin wata takwas a ciki ya daina buɗewa. Akwai yadda za a yi?

Amsa: Kada ka yarda kwamfuta ta goge shi ko da ta nemi hakan, kuma kada ka ƙara rubuta komai a kansa. Ka gwada manhajar PhotoRec, kyauta ce, takan ceto fayiloli da yawa ko da yake sunayensu sukan ɓace. Daga yau kuma, yallaɓai mai ajiyar wata takwas a aljihun wando, ka koyi Git, manhajar da ke adana kowane canji da ka yi wa aikinka, ka riƙa tura aikinka shafin ajiya na intanet mai suna GitHub kowane dare kafin ka kwanta. GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100, saboda haka manyan fayilolin Blender sai ka bi da su ta Git LFS, wato ƙarin da aka yi wa Git domin manyan fayiloli.