Amsoshin Tambayoyi: Zaɓen Tsayin Tashi da Batun Taswirar Araha

Wasiƙar farko ta fito daga wani matashi ɗan Ringim da ke koyon tuƙin jirgin sama a kwalejin Zariya. Ya ce a atisayen cike takardar tsarin tafiya ta tuƙi da na'urori, daga Kano zuwa Legas, ya rubuta FL350, wato tsayin tashi na ƙafa dubu 35, domin ya ji a nan jiragen fasinja suka fi yawo, sai malaminsa ya zagaye lambar da jan biro, abin da ya hana shi barci.

Ƙanena, ka kwantar da hankalinka, kuskuren da kowane ɗalibi yake yi ne. Ba a fara zaɓen tsayi da sha'awa, ana farawa da alƙiblar hanya. Idan layin da za ka bi ya faɗa tsakanin digiri 000 da 179 a lissafin maganaɗisu, wato ɓangaren gabas, rabonka lambobin mara ne a lissafin dubban ƙafa, irin su FL330 da FL350, wato dubu 33 da dubu 35. Idan kuwa ya faɗa tsakanin 180 da 359, rabonka na cika ne, irin su FL340 da FL360. Legas tana kudu maso yammacin Kano, saboda haka FL350 na wanda yake tahowa daga Legas ne, kai kuma ka sa kanka a gabansa. Ka lura cewa layin hanya ake dubawa, ba inda hancin jirgi ya fuskanta ba, domin iska takan sa a karkata hanci ba tare da hanyar ta sauya ba. Daga Kano zuwa Maiduguri ko Jidda mara, zuwa Abuja ko Sakkwato cika. Tun watan Satumba na 2008 tazarar tsayi da ke tsakanin jirage a sararin Afirka daga FL290 zuwa FL410 ta koma ƙafa 1,000, amma sai jirgin da aka amince wa, wanda ake nuna shi da harafin W a gida na 10 na takardar. Tsayin da ka zaɓa kuma yana shiga gida na 15 tare da gudu, misali N0450F340, wato gudun mil 450 na teku a awa a kan FL340.

Wani daga Gezawa yana tambaya me ya sa ba za a haye ƙololuwa kawai ba, tunda an ce can mai ya fi auki. Malam, wanda zai je Dutse daga Kano, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ta sama ba, kafin ya gama hawa ai ya wuce garin. Jirgi mai nauyin kaya da mai ma ba ya iya kaiwa can da farko, sai ya ƙona mai ya yi sauƙi sannan ya nemi izinin ƙara hawa.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ta wani dattijo ce manomi daga wajen Maigatari, wanda jikansa ya rubuta masa. Ya sayar da riɗinsa domin ya yi wa ɗansa mai koyon tuƙi sayayyar kayan karatu, sai wani mai shagon waya ya ce zai zuba masa taswirorin hanyoyin sama na duniya baki ɗaya a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa uku ba, har da alƙawarin ba sa ƙarewa. Yana tambaya ko ya karɓa.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya sa yaron ya amfane ku, amma kada ka ba da ko sisi. Kalmar nan ta "ba sa ƙarewa" ita ce ta tona asirin hajar. Bayanan hanyoyin sama ana sabunta su duk kwana 28 a duniya baki ɗaya, kuma kowace taswira ta gaskiya tana ɗauke da ranar da ta fara aiki. Ƙa'idar mara da cika da na faɗa a sama ba ita kaɗai ke hukunci ba: akwai hanyoyin da ake bi ta fuska ɗaya kawai, akwai waɗanda aka rubuta musu nasu tsayin daban, kuma kowane yanki na hanya yana da mafi ƙarancin tsayin da aka yarda a bi, abin da mai ratsa tsaunukan Jos ba zai yi wasa da shi ba. Wasu ƙasashen ma, kamar Italiya da Fotugal, kudu da arewa suke rabawa maimakon gabas da yamma. Duk wannan a taswira yake, kuma duk yana iya sauyawa.

Na taɓa riƙe irin wannan haja a hannuna. Hoton taswira ne aka ɗauka, an yanke gefen da ke ɗauke da kwanan wata, ƙananan lambobin kuma sun dushe har 3 da 8 ba sa rabuwa. Abin yana ba ni takaici, domin mu da ba ma karɓar takin zamani sai mun farke buhu mun murza, ba ma sayen maganin feshi sai mun duba ranar lalacewarsa, da an ce abu na cikin waya ne sai mu sallama. Araha ba ta ado, kuma wannan ba irin asarar da ake mayarwa da damina mai zuwa ba ce. Yaron da ya haddace tsohuwar hanya zai sha wahalar goge ta daga kansa fiye da wanda bai taɓa gani ba.

Abin da za ka yi, Baba, shi ne ka riƙe kuɗinka har yaron ya tambayi malamansa wace taswira makaranta take aiki da ita. Bayanan sararin Najeriya na hukuma suna fitowa ne daga NAMA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasar, kuma kamfanoni irin su Jeppesen rajista suke sayarwa mai wa'adi, ba zubi ɗaya ba. Idan kuɗin ya ragu, ka haɗa masa da batirin ajiyar caji mai kyau, tunda ka san halin wuta a wajenku idan ya zo hutu.