Mijina gardi ne, mota ta kashe shi bakin aiki: yana cikin waɗanda ake tunawa?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Tawa:

Salamu alaikum Baba Ajidan, ina gajiya ina iyali. Don Allah wani abu ne ya tsaya mini a rai ya hana ni barci. Maigidana gardi ne, na rundunar Garde Nationale, bara da damana sunka tahi misiyon wajen Tiliya motarsu ta kife cikin ƙorama, Allah ya yi mishi rasuwa shi da wani abokin aikinshi. Kwanan baya anka yi taron addu'a a unguwarmu don sojojin da sunka rasu, anka karanta sunaye ba a faɗi nashi ba, da na yi magana sai wata ta ce mini ai shi ba soja ba ne kuma ba yaƙi ya kashe shi ba, hatsari ne. Yanzu ga wani mutum ya zo ya ce in ba shi jika 150 shi gyara takarda a rubuta hari ne, in ba haka ba ko ranar tunawa ta ƙasa anka yi ba a sa shi, ɗiya ma ba su samun komi. Ɗiya ukku ya bar mini. Baba wa ake tunawa da shi a irin wannan rana, nawa ba ya ciki?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi jiƙan shi, shi kyautata makwanci, shi ba ki dangana, shi raya abin da ya bari.

Kafin komi: kar ki ba mutumin nan ko dala. Zan dawo kanshi.

Maigidanki yana ciki. Irin wannan rana ta wanda ya sa kakin ƙasa ne, anka tura shi aiki, ya tafi bai dawo ba. Maganar cewa gardi ba soja ba ne ba za ta ɗauke ni lokaci ba, don ke da ke Tawa kin fi ni sanin Tazalit. Ranar 6 ga Oktoba 2016 anka kai hari inda suke gadin ƴan gudun hijirar Mali, mutum 22 sunka rasu, 14 gardi ne, 5 jandarma, 3 sojan FAN, wato rundunar sojan Nijar. Wanda ya harbe su bai tsaya duba launin hula ba, to don mi mu za mu tsaya dubawa bayan an binne su? Soja, jandarma, gardi, ɗan sanda, har ƴan duwan da ƴan gandun daji da ke kwana cikin daji da bindiga, duk abin da ake ce ma FDS ke nan, wato jami'an tsaron ƙasa.

Abin da ya fi cin raina shi ne rabi na biyu na maganar matar nan, wai sai wanda harsashi ya kashe. Shekarun da na yi a buron kula da iyalai nan Yamai kafin in aje kaki, wallahi da wuya mako shi wuce ban ji wannan magana ba, kuma ba daga bakin jahilai kaɗai ba, har masu galo a kafaɗa na ji sun faɗe ta. Ban san wa ya fara shuka ta ba amma ta yi saiwa. Mutum ya ɗauko mota daga bariki da dare ba fitila don kar a hango su, hanyar ba hanya ba ce sawun raƙuma ne, direba kwana biyu bai runtsa ba, ga ruwa ya cika ƙorama ga umurni an ce lalle gobe da safe ku kasance wuri kaza, motar ta kife, sai wani da ke zaune ƙarƙashin panka shi ce hatsari ne kawai. To mi ya kai shi ƙoramar? Kasuwa za shi? Biki za shi? Da ba don takardar misiyon da ke aljihunshi ba da yana gida yana shan hura da ɗiyanshi. Haka wanda zazzaɓi ya kama a poste mai nisa babu likita babu mota har ya cika, haka wanda maciji ya sara yana gadi, haka wanda ƙishirwa ta kashe a Tenere don mota ta lalace, haka wanda anka kawo da rauni ya yi wata ukku a gadon asibiti kana ya rasu, wanda shi ma sau da dama an riga an manta da shi tunda ba a ƙidaya shi cikin sanarwar ranar farko ba. Abin da takarda ke tambaya shi ne yana bakin aiki ko ba ya bakin aiki, an tura shi ko shi ya tura kanshi. Wanda ya saci motar bariki ya tafi yawo ya faɗi, wannan wata magana ce daban, ba ita muke ba.

Kuma ba mu muka fara wannan gardama ba. A Washinton akwai bangon da anka rubuta sunayen sojojin Amurka da sunka mutu a yaƙin Biyetnam, sun haura 58,000, cikinsu fiye da 10,000 ba makamin abokin gaba ya kashe su ba, hatsarin jirgi ne da mota da ciwo, amma duk suna bango guda harafi guda. Faransa da muka gaji tsarin takardunmu daga gare ta, shaidar nan da suke rubutawa a takardar mutuwa cewa mutum ya mutu don ƙasa tun 1915 take, kuma tana hawa kan wanda ciwo ko hatsarin aiki ya kashe lokacin yaƙi. In ma addini za a kawo, ni ba malami ba ne amma hadisin da ke cikin Buhari da Muslim kowa ya ji shi, shahidai biyar: wanda annoba ta kashe, da mai ciwon ciki, da wanda ruwa ya ci, da wanda gini ya faɗa ma, da wanda anka kashe fi sabilillahi. Hukuncin lahira na Allah ne, amma ki duba ko can ba a ce sai takobi ba.

Dalilin da ya sa nake ta nanatawa, wannan jita-jita ba zuciya kaɗai take ɓatawa ba, haƙƙi take ci. Mace ta ji an ce nata ba ya ciki sai ta naɗe hannu, ta gama takaba ta koma gidansu, ba ta nemi takardar mutuwa ba, ba ta nemi rahoton shugaban da ya tura su ba, ba a yi zaman dangi gaban alƙali ba, shekara biyu ukku an canza ma shugaban wuri, sakataren da ya san zancen ya yi ritaya, sai a zo ana nema kamar allura cikin rairayi. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Ba kuma ina wanke buro ba ne, na zauna ciki na san halinmu: dawo gobe, mai sa hannu ya tafi misiyon, dosiyen yana sama, dosiyen ya sauko ƙasa, a sa mace mai goyo ta hau bis kilomita fiye da 500 daga Tawa zuwa Yamai don tambari guda. Wannan jan ƙafa shi ke buɗe ma irin mutuminki ƙofa.

Shi kuwa kura ce da fatar akuya. Suna bin gidajen makoki, sun san wa ya rasu sun san wa bai iya karatun faransanci ba, su zo da jaka da kalmomi manya, ni na san wani kanar, ni na san wani a minista. Abu biyu ne zai faru in kin ba shi. Ko shi ci kuɗin shi kashe waya, wannan shi ne mai sauƙi. Ko shi kawo miki takardar ƙarya da gaske, ita ce masifar, don rundunar su tana da nata rahoto da ya ce mota ce ta kife, ranar da anka aje biyun gefe da gefe dosiyen da ke da gaskiyarshi ya zama na jabu, kuma sunanki ne a kai ba nashi ba. Ana kukan targaɗe ga karaya. Gaskiyar mutuwar maigidanki ta isa, ba ta bukatar kwalliya.

Sai wata kuma da ke yawo a WhatsApp, jerin sunaye da hotuna wai ga waɗanda gwamnati ta amince da su. Wa ya rubuta? Ba a sani ba. Sunayen da anka karanta a unguwarku ma ina da yaƙini daga irin wannan anka kwaso su, ba mugunta ba ce, rashin tambaya ne.

Game da wa ya kamata a sa gaba a ranar kanta, ra'ayina ke nan kuma na san wasu tsoffin abokan aikina ba za su so ba. Rana ce ta matattu da iyalansu. Mu da muka dawo da ranmu a nema mana wata, Amurka ma ta raba, Litinin ta ƙarshen Mayu ta waɗanda sunka mutu ce, 11 ga Nuwamba ta tsoffin sojoji. Najeriya ta haɗa su ranar 15 ga Janairu, kowa da tsarinshi, amma ni na ga yadda in an haɗa masu rai ke cinye taron, manya a inuwa kan kujera, zawarawa da marayu can baya cikin rana, a yi jawabi awa biyu a karanta sunaye minti biyu. A karanta sunayen sojoji 71 na Inates da anka kashe 10 ga Disamba 2019, da na Shinagodar 89 wata guda bayan nan, da tara da sunka faɗi a Mali cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoba 2014, da na Bosso da Karamga da Boko Haram ta kashe, da waɗanda har yau ba a ga gawarsu ba uwayensu na zaune ba su san ko su yi sadaka ko su jira ba. A karanta ba galo, soja mai igiya ɗaya da kaftin duk likkafani guda ne. Fararen hula kuwa, kamar mutum 137 da anka kashe a ƙauyukan Tiliya ranar 21 ga Maris 2021, ba na so a cusa su ƙarshen jerin sojoji kamar cikon benci, sun cancanci tasu rana da sunansu, yadda ɗalibai sunka riƙe 9 ga Fabrairu, ranar da anka kashe ƴan uwansu a zanga-zanga a Yamai, tun 1990 ba su bari ta ɓace ba.

Ke dai ɗiyata ga abin yi. Ki samu wani namiji cikin danginshi da kika yarda da shi ku tafi rundunar da yake aiki, ku nemi sashen kula da iyalai, ku tambayi kwafin takardar misiyon da rahoton hatsarin da takardar mutuwa, ki haɗa da takardar aure da na haihuwar ɗiyan ukku. Ki yi ma kowace fotokopi, ta asali kar ta bar hannunki ko wa ya tambaya, duk abin da kika aje a buro a ba ki shaidar an karɓa da kwanan wata. Ki nemi matar abokin aikin nashi ku riƙa tafiya tare, an fi jin kunyar mutum biyu. In kuma za a sake taron addu'a a unguwa, ki rubuta cikakken sunanshi a takarda ki aika ma liman tun ana saura kwana biyu.