Ba tsufa ba ne Malam, mujallun ne suka rame

Malam, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce ƙaninka ya taho maka da mujallar gem daga Landan, ka buɗe da ɗoki, kafin shayinka ya huce ka kai bangon baya, shi ne kake tambaya ko kai ne ka tsufa ko mujallun ne suka lalace, kuma ina ake samun irin na da. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ni ma shekarun baya na yi wa wani abokina naci har ya taho min da guda biyu, na ɗaga su a hannu na ji kamar takardar gayyatar biki.

Tsufa kam mun tsufa, wannan ba musu. Amma ka ɗauki EGM (Electronic Gaming Monthly, mujallar gem ta Amurka) ta ƙarshen 1994, wadda ta kai wajen shafi 400, ka ajiye kusa da mujallar gem ta yau, ai ba sai an yi maka bayani ba. Na sani, kaso mai yawa na shafukan nan talla ne, to amma a lokacin tallar ma karanta ta muke yi, don ta nan muke sanin akwai wani gem a duniya da bai iso Sabon Gari ba tukuna. Kuma mu nan ba sabuwa muke samu ba. Sai ta yi shekara ɗaya ko biyu a Ingila ko Amurka, ta biyo dilar gwanjo, ka same ta a shimfiɗe a ƙasa wajen masu tsofaffin littattafai, wata bango a yage, wata da sunan wani yaron Bature da adireshinsa a manne. Duk da haka sabuwa ce a wajenmu. GamePro ɗaya sai ta zaga unguwa kaf. Shafin gem ɗin faɗan nan Mortal Kombat kuwa sai ya yi baƙi ƙirin da dattin hannu, kowa na kwafar A, B, A, C, A, B, B a bayan littafin lissafi don lambar sirri ce da ake dannawa jini ya fito a na'urar Sega.

Ka tuna zancen Sheng Long? EGM ce ta buga a fitowar Afrilun 1992, wai in ka ɗauki Ryu a Street Fighter II ka bi kowa ba a taɓa ka ko sau ɗaya ba, ka je wajen Bison, abokin faɗa na ƙarshe, kuka yi zagaye goma babu wanda ya doki wani, to wani tsoho, shi ne Sheng Long ɗin, zai faɗo ya yi wurgi da Bison ya fuskance ka. Mu sai wajen 1995 ta zo hannunmu, kuma wa ya san Turawa suna da ranar zolaya a farkon Afrilu? Hutu guda muka kashe a gidan gem, kuɗin tara da kuɗin aike duk suka tafi. Sau ɗaya wani yaro ya kai mutum na shida ba a taɓa shi ba, aka ɗauke wuta, ya fashe da kuka. Ashe sunan wanda aka ce ya aiko da sirrin ma, W.A. Stokins, in ka furta shi da Turanci cewa yake ka yi asarar kuɗin wasanka. Sun yi mana wayo, amma ko yau na tuna sai na yi dariya. Marubutan EGM mutane ne, ka san halin kowa. Mutum huɗu ke ba gem ɗaya maki, wannan ya ce tara wancan ya ce biyar, ga Sushi-X da ba wanda ya san fuskarsa, in ba gem ɗin faɗa ba ne da wuya ka burge shi. Yanzu ka karanta sharhi uku sai ka rantse mutum ɗaya ne ya rubuta, kowa na taka-tsantsan kar kamfani ya yi fushi ya hana su gem na gaba da wuri.

Ni dai abin da ya fi ci min rai ba ramewar tasu ba ce. Ina da jaka biyu, Ghana-must-go manya, cike taf: EGM, GamePro, CVG, Mean Machines, Tips & Tricks, da Official PlayStation Magazine ta Ingila, wasu har da faifan gwajinsu mai ɗanɗanon sababbin gem, wanda samunsa a gwanjo sai mai rabo. Tun ina aji biyu na sakandare nake tarawa. Da zan tafi hidimar ƙasa na tura su ƙarƙashin gado a ɗakin samari, na ce wa ɗan baffana da ke kwana a ɗakin, don Allah ga amana. Ya ce haba yaya, ko ƙuda ba zai sauka a kai ba.

Na dawo hutun babbar Sallah, ban ma leƙa ƙarƙashin gadon ba. Da daddare na fita bakin titi sayen tsire. Mai tsire ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya miƙa hannu ya yago takarda daga wani tuli a gefensa. Ina karɓa na ga fuskar Scorpion na Mortal Kombat, mai ya jiƙa ta har ana hango rubutun bayan shafin. A gefen shafin ga rubutuna da jan biro, inda na gyara wani dannawa da suka buga ba daidai ba. Rubutuna, Malam! Na ce masa ina ka samo wannan? Ya ce wani yaro ne ya kawo masa jaka biyu tun kafin azumi, ai takardar ba ta da kyau ma, santsi gare ta, ba ta shan mai kamar jarida. Wato ya ma raina ta. Na durƙusa a wajen ina tona tulin kamar mahaukaci, mutane na kallona. Abin da na tsira da shi guda goma sha ɗaya ne, su ma rabi da rabi.

Da na tsare yaron sai ya ce wai ya ɗauka na gama da su tunda na girma. Kuɗin kuma kati ya saya ya kira budurwa. Na kai ƙara wajen Hajiya ta ce, "Yanzu a kan takardun zane-zane za ka ɗaga wa ɗan'uwanka murya ana Sallah?" Baffa ya ce a yi haƙuri. Kowa haƙuri, amma shi mai laifin har yau ɗin nan bai buɗe baki ya ce yaya ka yafe ni ba. Yanzu yana da 'ya'ya huɗu. Bara a wajen wani ɗaurin aure ya zo yana washe baki yana tambayata wane gem zai saya wa ɗansa, wai ai ni ne masani. Na dube shi kawai. Na yafe don zumunci, amma faifan gwajin nan da muka fara ganin Tekken a kansa, ko me mai tsire ya yi da shi oho.

To, ka ga na saki hanya. Abin da ya kashe mujallun ba ɓoyayye ba ne. Abu uku muke saye a cikinsu: labarin abin da zai fito, lambobin sirri, da faifan gwaji. Shafin intanet na GameFAQs ya ɗauke lambobin tun daga 1995, YouTube ta zo a 2005 ta sa hoton da ba ya motsi ya zama abin dariya, gwajin kuma yanzu sauke shi kake kai tsaye a na'urarka. Masu talla suka bi jama'a, shafuka suka ragu, kuɗin ya ƙaru. CVG ta daina fitowa a takarda a 2004, EGM ta tsaya a farkon 2009, GamePro 2011, Nintendo Power ta rufe a Disambar 2012 bayan fitowa 285, GamesMaster 2018. Game Informer da ta faro tun 1991, rana ɗaya aka rufe ta a Agustan 2024, ko da yake wasu sun saye ta sun dawo da ita a 2025.

Kar ka ƙara sa a taho maka da duk wadda aka gani a filin jirgi. In dole sai takarda, ka ce Retro Gamer, ita aikinta ke nan tonon tsofaffi, ko Edge, wadda tun 1993 take kuma har yanzu ba ta rabon maki kamar goro, sai dai Turancinta da nauyi. Na da kuwa, ka shiga shafin intanet na Internet Archive ka rubuta sunan mujallar da shekarar, akwai su jingim an ɗauki hotonsu shafi-shafi. Video Game History Foundation, ƙungiyar adana tarihin gem, ma sun buɗe ɗakin karatunsu na intanet a farkon 2025. Amma kar ka karanta a waya, idonka zai yi ciwo a banza, ka nemi kwamfuta ko babban allo. Ni na kai wasu shafuka an buga min da kala na haɗa da zare, matata na ta yi min tsiya. Ƙanshin ne dai babu.

In kana da ragowar naka a gidan iyaye, ka je yau ka kwaso, kar ka ce sai ƙarshen mako. Ka sa kowace a leda, ka ɗora a saman kabad, ban da ƙasa, gara da damina ba su san EGM ba. Kuma kar ka ba da aro, ko wa ye, ko da ya rantse. Mai so ya zo falonka ya karanta, ka ba shi ruwa, ya tashi ya bar ta.

In akwai wanda ke da CVG ta wajen 1996 zuwa 1997 a cikinmu, mai shafukan nan rawaya a tsakiya, ya yi min magana ta gefe. Ba aro nake nema ba, zan zo da kaina in ɗauki hoto.