Kunnena yana ƙara bayan aiki a sashen haƙoran yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mataimakiyar likitan haƙori ce a sashen yara. Idan na tashi aiki sai in ji kunnena yana "tsiii", kuma in ana hira a cikin taro maganar mutane kan ɓace min. Injinanmu ne ko kukan yara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Duka biyun ne, amma kukan yara shi ake rainawa.

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ba da shawarar iyakar ƙara a desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, in ta kai 100 kuwa minti 15 kacal. Injin huda haƙori mai aiki da iska, wanda ke juyawa sau 300,000 zuwa 400,000 a minti, da bututun zuƙe miyau, yawanci ƙararsu ba ta haura iyakar sosai. Amma ihun yaron da ya firgita kan wuce 100, ga shi kanki na sunkuye daf da bakinsa. Minti kaɗan na wannan sai ya cinye kason yini guda.

Abin da ke lalacewa 'yan ƙananan ƙwayoyi ne masu gashi a can cikin kunne, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ɓarnar kan fara bayyana a sautin hertz (ma'aunin sirantar sauti) 4,000, inda siraran sautuka irin "s" da "f" suke. Shi ya sa kike jin murya amma kalmomin na kuɓuce miki.

Ki je a yi miki gwajin ji yanzu, a ajiye sakamakon, a riƙa maimaitawa duk shekara. Matoshin kunne na soso yana dusashe magana, ba za ki ji likita ko yaron ba. Ki nemi mai 'yar matata a ciki, wanda ke rage wajen desibel 15 ba tare da ɓata magana ba.

Injin da ƙwallayen cikinsa suka cinye ya fi ƙara, don haka a sa masa mai bayan kowane aiki, a canza su da zarar sautin ya sauya. Mai aiki da lantarki ya fi shiru. Kwamfaresa kuma, wato na'urar da ke tura wa injin iska, a kai shi wani ɗaki. Kada bakin bututun zuƙe miyau ya manne a kumatu, nan yake yin feɗuwa.

Idan jin kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙarar ta zo da jiri, ki ga likitan kunne a ranar.