Murya daga zauren masu keke: amsa kan tafiyar Kano zuwa Daura

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan muryar amsa ce ga ƙanenmu da ya ce yana son ya tuƙa keke daga Kano zuwa Daura, yana ratsa ƙauyuka, yake tambaya wane keke zai saya, me zai ɗauka, kuma kwana nawa zai yi. To ƙanena, saurara da kyau, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Maganar keke tukuna. Kada kyan keke ya ruɗe ka. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in ya lalace a ƙauyen da babu kanti, mai gyaran da ke gindin bishiya zai iya tashinsa? Baƙin keken nan namu irin Phoenix, mai taya 28, ko keken gwanjo mai giya mai taya 26, su ne kayansu ke ko'ina. Mai siririyar taya na tsere, ko mai birkin da ke aiki da mai, ka bar shi a gari. Tib ɗinsa kaɗai sai ya zaunar da kai kwana biyu. Kafin ka tashi da mako guda ka kai shi a kwance ƙafafun biyu, a wanke boris, a sa sabon giris, a ɗaure sifoka, a canza robar birki. Mako guda na ce, ba ana gobe tafiya ba, don ka hau shi kwana biyu uku, duk abin da bai zauna ba ya nuna kansa tun kana gida.

Kayan gyara: tib biyu sababbi, faci da gam, ɗan guntun sanfefa, famfo, sifana 10 da 13 da 15, filaya, sukundireba, sifoka huɗu daidai tsawon na ƙafarka ta baya, da ɗan guntun sarƙa. In baƙin keke ne ka ƙara robar bawul, don ita ce ke tsagewa iska ta riƙa zurarewa kana neman huji ba ka gani, da kota guda ɗaya ta feda. Sai tsohon tib da aka yanka tsiri-tsiri. Ya fi igiya riƙe kaya, ba ya kwancewa da girgiza.

Abin da zai fi wahalar da kai faci ne, kuma sanadinsa ƙaya. Tsidau da ƙayar bagaruwa suna nan birjik a gefen hanya, musamman inda ka sauka daga kwalta za ka shiga inuwa. Saboda haka in za ka huta, sauka tun kan titi ka tura, kafin ka hau kuma ka juya ƙafa ka shafa tayar. In ta yi faci, kada ka mayar da tib sai ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar. Mutane da yawa nan suke kuskure, su yi faci, su yi tafiyar minti biyar, ƙayar nan dai ta sake huda wuri ɗaya. Shi kuma facin, ka kankare wurin da sanfefa, ka shafa gam siriri, ka jira kamar minti biyar ya daina sheƙi, sannan ka manna ka danne. In ka manna da ɗanyen gam, zafin kwalta zai ɗaga shi kafin azahar. Huji biyu kusa da juna kamar saran maciji kuwa ba ƙaya ba ce, iska ce ta yi ƙasa ka faɗa rami rim ya matse tib. Kullum da safe ka danna tayar da babban yatsa.

Kaya kada su wuce kilo 12 har da ruwa. Kada ka goya jaka a baya, gumi da ciwon kafaɗa za su gama da kai. Ka raba su jaka biyu ka rataya a gefen kariya, nauyi daidai, mai nauyi a ƙasa. In ka tara komai a sama keken zai riƙa rawa, sifokar baya su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Da ka ji ƙas, tsaya ka canza, don in ɗaya ta tafi nauyinta kan maƙwabtanta yake komawa. Sarƙa kuma kada ka jiƙa ta da baƙin mai, ƙura ce za ta manne ta cinye ta. Ɗigo kaɗan, ka goge da tsumma.

Hanya yanzu. Daga shataletalen Dawanau ka bi ta Kunya, Dambatta, Kazaure, sai Daura. Har Kwangwalam da ke gaba da Daura kaɗan, bakin iyakar Nijar, kusan kilomita 130 ne. Mai kaya da bai saba ba ya lissafa kilomita 12 zuwa 15 a awa, wato 60 zuwa 70 a rana. Kwana biyu ke nan, ka kwana Kazaure. In za ka riƙa ratsewa ƙauyuka ka ba shi uku, don hanyar burji da yashi tana cin lokaci. Ka tuna Lahadi kasuwar Dambatta ke ci, manyan motocin shanu sun cika titi, ko ka kauce wa ranar ko ka wuce da sassafe.

Lokaci ya fi komai. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ban ba ka shawara ba sam. Nuwamba zuwa Janairu ya fi, amma ka sani iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma arewa ka nufa, to a fuska za ta riƙa dukanka, kuma tana ƙara ƙarfi in hantsi ya yi. Saboda haka da an sallame asuba gari ya ɗan waye ka hau, ka ci mafi yawan tafiyarka kafin 11. Ka huta har la'asar, ka ƙara awa ɗaya da rabi. Kafin magariba ka kasance a masauki. Tafiyar dare babu ita, ko da fitila.

Ruwa lita 3 a jikin keke, kana cikawa duk inda ka ga famfon tuƙa-tuƙa, kuma kada ka jira ƙishi. Gora ɗaya ka haɗa ta: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In fitsarinka ya yi ja, ko kai ya fara sarawa, ko ƙafa ta fara ɗaurewa, nemi inuwa nan take. Dabino, ƙuli-ƙuli da gyaɗa a aljihu, kana ci kaɗan-kaɗan. Fura da nono ka bari sai lokacin hutu.

Sai masauki, kuma don Allah ka riƙe wannan. In dare zai same ka a ƙauye, kada ka shimfiɗa a masallaci ko makaranta kai tsaye. Yanayin tsaro ya sa baƙo da jaka abin tsoro ne. Ka yi sallama, ka nemi a kai ka wurin mai unguwa ko dagaci, ka faɗi sunanka da inda ka fito da inda ka nufa, ka nuna katin ɗan ƙasa. Shi zai ce ga inda za ka kwana, shi kuma zai gaya maka wace hanya ce lafiya gobe. Abin da ya ce kada ka bi, kada ka bi. Kada ka ɗauki hoton mutane ko shingen jami'ai ba izini. Kuma duk garin da ka sauka ka turo mana saƙo a nan zauren, mu san inda kake.

Ka ɗauko hoton keken da kake son saye ka turo, musamman ƙafar baya da kariyar, mu duba maka kafin ka biya kuɗi. Allah ya kai ka lafiya. Wassalamu alaikum.